Fanka Kawai Ya Ce In Canza

Yayana ya girme ni da shekara goma sha shida, kuma tun da na buɗe ido na same shi ba ya gani. Wani zazzaɓi ne ya tafi da idanun yana ɗan shekara goma sha huɗu, kafin a haife ni ke nan. Shi ya sa ban taɓa yi masa kallon abin tausayi ba, shi ma bai taɓa ba ni fuskar yin hakan ba. Mutum ne mai tsarin tsiya. Idan ka matsar masa da kofi daga inda ya ajiye, ba zai yi maka faɗa ba. Zai dai tambaye ka a hankali ko kofin ne ya yi ƙafa, kuma wallahi gara ya zage ka.

Buga rubutu ne aikinsa. Ofishinsu na masu rubuta bayanan taruka ne. A ɗauko muryoyin mutane a na'ura, a kawo masa, ya maƙala abin ji a kunne, ya mayar da surutun awa uku takarda mai tsabta. Tafireta suke ce masa a wurin, tun zamanin da yake dukan keken rubutu na ƙarfe, sunan kuma ya bi shi har kan kwamfuta. A wancan zamanin duk abin da ya buga sai an samu mai ido ya karanta masa. Wasiƙun da ake aiko masa ma haka. Ya taɓa gaya min ba rashin ganin ne ke cin ransa ba, tsayawar mai karatu ce. Mutum yana karanta maka wasiƙarka, sai ka ji ya ɗan yi shiru a tsakiya. Ka san ya riga ka ganin abin da ke gaba, yana neman yadda zai faɗa maka. Ya ce shirun nan ya fi tsana a duniya.

Sai Kwaɗo ya zo. Wata ƙungiya mai taimakon makafi ce ta ba shi, ina 'yar firamare a lokacin. Baƙin akwati ne, bai fi sandar sabulun wanki biyu a haɗe ba, da wayarsa da ake sokawa a bayan kwamfuta, da 'yar jar fitila a goshinsa. Aikinsa ya faɗi duk abin da ke kan allo, ya kuma faɗi kowane harafi da aka danna. Muryarsa kuwa, Allah ya kiyaye. Ranar farko da na ji ta sai da na kwanta a ƙasa don dariya, na ce wa Yaya an ɗaure masa kwaɗo a cikin gwangwani. Shi ke nan suna ya zauna.

Shekara ashirin da biyu suna tare. A tsawon wannan lokaci babu wanda ya sake karanta wa Yaya ko layi ɗaya. Ya zauna ya koya wa Kwaɗo yadda ake furta kalmominmu, ɗaya bayan ɗaya, dubbai, har ya zama yana karanta Hausa yadda za ka gane. Ya ƙara masa sauri har mu masu ido ba ma tsintar komai sai ƙurrr, shi kuwa yana gyaɗa kai yana gyara waƙafi. Haruffan da ke jikin kibod ɗinsa duk sun goge. Har 'yan ƙurajen nan biyu da ake yi a layin tsakiya, don yatsa ya gane mazauninsa, sun shafe sumul. Bai damu ba. Idan hannunsa ya ɗan zame gefe, tun a harafin farko Kwaɗo zai tona masa asiri, sai ya ce masa ya yi haƙuri, ya gyara zama.

Da mahaifinmu ya rasu, Yaya ne ya riƙe ni. Shi ne ya lura duk rediyon da ya shiga hannuna sai ya fito gutsu-gutsu, ya ce tunda ɓarna nake so gara in koye ta da kyau. Ya kama hannuna, ko in ce na kama nasa, ya kai ni wurin wani mai gyaran kwamfuta. Mutumin ya ce bai taɓa koya wa mace ba. Yaya ya ce shi ma ba ya ganin mace balle namiji, amma yana jin hannu duka hannu ne. Shekara biyar na yi a wurin. Yanzu ina da shagona a layin masu gyara: benci ɗaya, fitilar aiki, ƙaurin dalma, matattun kwamfutoci jibge har rufi. Idan Yaya na son tsokanata Injiniya yake ce min. Idan magana ta gaske ce, Auta.

Ya kamata in faɗi yadda yake kunna kwamfutarsa, don a nan komai yake. Kullum da safe sai ya fara ciro Kwaɗo daga jaka, don ba ya barinsa ya kwana a ofis. Ya soka wayar, ya kunna shi tukuna, sannan ya danna kwamfutar, ya harɗe hannuwa a ƙirji yana sauraro. Fanka ta tashi. Ƙara ɗaya, tit. Faifan da ke ajiye komai a cikinta ya yi ta gurnani. Can bayan wasu mintuna Kwaɗo ya yi gyaran murya ya ce a shirye yake. Sai Yaya ya amsa masa da sannu da zuwa, kamar mutum.

Da na fara koyon aiki na zo da ɗokina na yi masa bayanin abin da ke faruwa a cikin mintunan nan. Na ce da zarar wuta ta shiga, akwai wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin injin, ita ke fara duba ko gida lafiya, ƙarar tit ɗin nan tata ce. Sai ta tashi babbar manhaja, wadda ke tafiyar da komai. Ita kuma babbar ba ta san me aka jona mata ba sai ta tambaya. Sai ta bi kowace ƙofa, kowace waya, tana cewa wane ne nan. Kowace na'ura kuma tana da lambarta tun daga kamfani, lambar wanda ya ƙera ta da lambar irinta, da ita take amsawa. Babbar ta ɗauki lambar ta duba a cikin jerin da take da shi. Idan ta samu, sai ta ɗauko wata 'yar manhaja ta musamman da muke kira direba, wadda ta san yaren wannan na'urar, ta haɗa su. Idan ba ta samu ba, na'urar tana nan, wuta na shigar ta, ta ma amsa, amma babu mai iya yi mata magana. Na ce na Kwaɗo tsohon yayi ne, sau ɗaya ake nemansa, wurin tashi, shi ya sa dole ya riga kwamfutar farkawa.

Yaya ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ashe kiran suna ake yi, irin na aji. Daga ranar duk safiya cewa yake bari ya ji ko an kira ɗansa. Ni na koya masa wannan da bakina. A riƙe wannan, don ba zan iya cewa ban sani ba.

Shekaru na tafiya, kunnen Yaya ya fara nauyi. Abin jin nan da yake wuni da shi ne ya ci shi. Maganar mutane yana kamawa, don ya san inda zance ya dosa, kuma yana iya mayar da muryar da aka ɗauko a na'ura baya ya sake ji. Muryar Kwaɗo ma yana ji rangaɗau, saboda kaushinta. Amma fankar kwamfutar ta tsufa, ta fara ihu kamar injin niƙa, tana danne masa komai. Wata ranar Juma'a shi da matarsa suka sauko min da kwamfutar daga mota. Ya dafa kan akwatinta, ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye.

"Auta, fanka kawai. Kada ki taɓa mata komai a ciki."

Na ce to, ranka ya daɗe, an ji. Ya rataya jakarsa, da Kwaɗo a ciki, suka tafi.

Minti goma sha biyar na yi na canza fankar. Da a nan na rufe akwatin na wanke hannu, da yau ba ni da labarin da zan bayar. Sai na ce bari in kunna in ji ko ta yi shiru. Na kunna. Minti bakwai cur kafin ta gama tashi! Na je na sha ruwa na dawo tana nan tana nishi. Babbar manhajar da ke kanta kuwa, wadda ko a kwandon shara na gan ta ba zan sunkuya ba. Raina ya ɓaci. Na ce yanzu ni, da shagona da sunana, mutane na layi a ƙofata, yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana zaune kullum da safe yana jiran wannan gyatumar? Kunya ta kama ni, girman kai kuma ya hau kan kunyar. Na ce zan ba shi mamaki.

Mu masu gyara akwai yadda muke yi, kuma duk layinmu haka ake yi. Ka kwashe wa mutum takardunsa da hotunansa a gefe, ka yi wa faifan fomat, wato ka wanke shi tas, ka ɗora sabuwar manhaja, ka mayar masa da kayansa. Babu mai kwashe direba. Don me? Sababbin manhajojin nan suna zuwa da dubbai a cikinsu, wanda babu kuma su jawo shi daga intanet kafin ka gama ɗaure sukurori. Na yi haka ya fi sau dubu. Na kwashe takardun Yaya kaf, na ƙirga su sau biyu, ko ɗaya ban bari ba. Na wanke faifan, irin wankin nan mai bin kowane lungu, saboda ni ba na aikin ha'inci. Na ɗora sabuwa. Ta tashi, ta yi kiran sunanta, allo ya amsa, kibod ya amsa, linzami, wato maus, ya amsa, kowa ya samu nasa. Babu alamar matsala ko ɗaya. Ta ina za a ga matsala, wanda ba za a gane ba yana cikin jaka a gidan Yaya?

Ranar Litinin da hantsi ya zo. Na shirya masa komai a kan benci, na ja masa kujera, bakina har kunne. Ya ciro Kwaɗo, ya lalubi bayan akwatin ya soka, ya kunna shi, jar fitilar ta kama. Ya danna kwamfutar ya harɗe hannu. Ya ce fankar ta yi, sannu Injiniya. Kafin ya rufe baki ta gama tashi. Ina tsaye ina jiran yabo.

Shi bai san ta gama ba. Yana nan zaune, kai a karkace, yana jiran gurnanin faifai da ya saba ji. Minti ɗaya. Biyu. Na ce masa ai ta tashi tuni, sabuwa ce fil na saka masa, daƙiƙa ashirin. Ya warware hannuwansa. Ya miƙa hannu ya danna harafi ɗaya. Shiru. Ya danna wani.

"Auta, ba a kira shi ba."

Sai a lokacin abin ya faɗo min. Na ture hannunsa, abin da ban taɓa yi ba, na buɗe jerin na'urorin da manhajar ta gano. Ga su nan a jere, kowa da sunansa. Can ƙasa, guda ɗaya da 'yar alama rawaya a gefe, an rubuta na'urar da ba a sani ba. Na buɗe ta, ga lambarta nan ɓaro-ɓaro. An kira shi, ya ma amsa. Direbansa ne babu, kuma a kan faifan da na wanke yake zaune shekara ashirin da biyu, shi da duk kalmomin da Yaya ya koya masa.

Na ce wa Yaya ƙaramin abu ne, ya ba ni zuwa yamma. Ƙarya nake yi, kuma ya ji ta a muryata. Ya ce to. Ya bar min Kwaɗo a kan benci, karo na farko da ya taɓa barinsa a hannun wani, ya ɗauki sandarsa ya tafi aiki hannu rabbana.

Abin da na yi a makonnin da suka biyo, ba don in wanke kaina nake faɗa ba. Na buga lambar nan a intanet har na haddace ta kamar lambar wayata. Kamfanin da ya ƙera Kwaɗo ya rufe tun ina budurwa. Ƙungiyar da ta raba shi ta watse, ofishinsu ya zama wurin sayar da tayoyi. Na tuna dole ya zo da faifan sidi. Matar Yaya ta zazzage gida har ta samo shi a cikin wata ambulan, Yaya ya yi mata alama da ɗigo-ɗigon rubutun makafi. Na ɗaga shi a rana, sai ga hasken yana ratsowa ta wurare da yawa, azurfar bayansa ta ɓanɓare. Na goge shi, na lallaɓa shi, na gwada shi a inji shida. Ko ɗaya bai karanta ba.

Na bi faifan da na wanke da duk wata manhajar tono abin da aka goge. Ba ta tono komai ba. Da irin masu aikin shiririta ce ni, masu wankin sama-sama, da an samu. Iya aikina ne ya kashe ni. Na sauke sabuwar manhajar na mayar da tsohuwar gyatumar da na raina, ina cewa ko ita za ta tuna da shi. Ina za ta tuna? Ita ma ta tashi, ta tambaya, ya ba ta lamba, ta duba ba ta samu ba, ta manna masa alama rawaya. Wani bawan Allah a wata ƙasa mai nisa ya turo min direba, ya ce na irin akwatin ne. Na saka. Na ƙanen Kwaɗo ne da aka yi daga baya, lamba ɗaya ce ta bambanta su, kuma da na tilasta shi sai kwamfutar ta sandare gaba ɗaya. Na ɗauki komai na kai wa maigidana da ya koya min aiki, ya tsufa yanzu, hannunsa na karkarwa. Ya duba, ya cire tabarau, ya tambaye ni me mai kayan ya ce in yi. Na ce fanka. Ya mayar da tabaransa ya turo min kayana.

Kada wani ya ce min ai akwai sababbin muryoyi. Na sani, sana'ata ce. Na saka wa Yaya guda tara a kwamfutar da ofis suka ara masa. Muryoyi masu daɗi, mata da maza, sumul kamar masu karanta labarai. Daɗin nasu ne matsalar. Kunnensa ba ya kama su. Idan suka faɗi harafi ɗaya shi kaɗai, ba ya bambance wannan da wancan, duk iska ce ke wucewa. Idan suka zo kan Hausa kuma sai su dame ta kamar mai magana da ruwa a baki. Na ƙure ƙara har na tebur na gaba suka fara tsaki. Ya zauna da ta taran wuni guda, ya yi iya ƙoƙarinsa, da yamma ya cire abin jin ya ce kansa ke ciwo.

Ogansu mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya sa wata abokiyar aikinsu ta riƙa duba abin da Yaya ya buga. Aikin wuni ɗaya ya koma na wuni uku. Mutumin da shekara da shekaru ba a taɓa mayar masa da takarda ba, sai ga shi ana tsaye a kansa ana ce masa nan ka tsallake kalma, nan ka maimaita layi. Ita ma baiwar Allah ga nata aikin yana jiranta. Ogan ya kira ni ya tambaye ni tsakani da Allah ko akwatin zai tashi. Na ce ina kan ƙoƙari. Ya ce zai iya riƙe maganar zuwa ƙarshen wata, daga nan ba a hannunsa take ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, Yaya bai yi min faɗa ba. Ko sau ɗaya. Na so ya yi. Na je gidansa na tsaya a tsakar ɗaki na ce ya zage ni, ya ce min mai kunnen ƙashi, ya ce min duk abin da ya ga dama. Ya ce in zauna in sha ruwa, rana ta yi zafi. Ko zancen kofi mai ƙafa bai yi min ba. Matarsa ce ta biyo ni har bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Ta ce kullum da safe yana zama a bakin gado da jakar a cinyarsa, ya zuge, ya laluba, ya tuna, ya mayar ya zuge. Ta ce, ke da aka ce miki fanka? Na ce haka ne. Me zan ce?

Ni kuma kullum na buɗe shago, kafin in taɓa aikin kowa, sai in kunna Kwaɗo, in kunna kwamfutar, in tsaya. Na san babu abin da ya canza tun jiya. Na san inji ba ya huce fushi, don ba fushi yake yi ba. Amma sai in tsaya ɗin, in buɗe jerin, in ga alamar, in rufe. Maƙwabcina mai gyaran waya har ya daina tsokanata.

Wata ya ƙare ranar Laraba. Ranar Alhamis wajen sha ɗaya na safe na ji ƙwanƙwasar sandarsa a kan dakalin shago. Shi kaɗai ya zo, sanye da rigar aikinsa mai guga. Ya zauna a kujerar da na ja masa ran nan, ya ciro farar ambulan daga aljihu ya miƙo. Ya ce a ofis sun so su karanta masa, ya ce a'a. Matarsa ma bai ba ta ba.

"Karanta min, Auta."

Na buɗe. Na fara da ƙarfina, na ce ba zan tsaya ba, ko me na gani ba zan tsaya ba. Gaisuwa, godiya bisa shekaru talatin da ɗaya na aiki, yabo kan ƙwazo da riƙon amana. Sai idona ya riga bakina sauka layi na gaba, na ga inda aka rubuta hutawa daga aiki, na ga kwanan wata. Na tsaya. Ban fi daƙiƙa biyu ba. Na ga ya ɗan sunkuyar da kai, ya gyara riƙon sandarsa. Ya ce in ci gaba, ya riga ya ji.

Da na gama ya ce wasiƙar ta yi kyau, an girmama shi, kuma ya kamata ya ba su amsa da hannunsa, a kan kwamfutarsa, ba ta aro ba. Na matso masa da kibod ɗinsa. Ya lalubo Kwaɗo ya shafa kansa, ya kunna shi tukuna, sannan ya danna kwamfutar ya harɗe hannu. Ya san ba zai yi magana ba. Ya jira duk da haka, ni ma na jira, har sai da jiran ya zama abin kunya. Sannan ya ce in buɗe masa farar takarda.

Ya ɗora yatsunsa. Ya fara bugu da saurin nan nasa, kamar ruwan sama a kan kwano, kansa a ɗage, leɓunansa na motsi. Na kalli allo. Hannunsa na dama ya zame gida ɗaya tun daga farko. Babu kalma ko ɗaya a wurin, tarkacen haruffa ne kawai ke zubowa layi bayan layi. Da Kwaɗo na magana, da tun harafin farko ya faɗa masa. Ni ina da baki, ina tsaye a bayansa, na buɗe shi ya fi sau uku. Na kasa katse shi. Fuskarsa ta koma irin ta dā, ta mutumin da ya san aikinsa, kuma na san daga yau ba zan sake ganin ta haka ba. Na bar shi har ya kai ƙarshe, ya buga sunansa, ya janye hannu ya ajiye a cinya.

Ya ce in duba masa, ko akwai kuskure.

Na ce ɗan kaɗan ne, bari in gyara. Na jawo kibod ɗin gabana. Na san abin da ya so ya rubuta, don kowane harafi na hannun dama maƙwabcinsa ne ya fito, sai na fara mayar da su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ina danna madannan kamar mai tafiya a ɗakin mara lafiya. Na manta da wanda nake zaune kusa da shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana cin abinci da kunnensa, ko da kunnen ya yi nauyi, ya san ƙarar gyaran kalma biyu, ya san ƙarar sake rubutu. Ya bar ni na yi layi uku.

"Auta."

Na ce na'am.

"Layi nawa ne?"

Na kalli allon, na kalli jar fitilar da ke ci a goshin Kwaɗo. Na so in ce biyu. Na so in ce huɗu.

"Duka ne, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya lalubo akwatin, ya kashe shi, ya zare wayar ya naɗe ta a jikinsa yadda ya saba, ya saka a jaka ya zuge. Sannan ya gyara zama ya fuskanto ni, ya ce in goge wancan in buɗe sabuwar takarda, zai faɗa in rubuta.